Neman Baba da Maganar Ƙarfe

Sakkwato zuwa Wurno

Ƙarfe biyar da rabi na asubahin Laraba na isa tasha, takarda a aljihu. Wata jami'a a ƙasar waje ta ba ni gurbin bincike na shekara uku, tana jiran amsa ran Juma'a. Baba kuwa, maƙerin da ni kaɗai cikin 'ya'yansa na bar zugazugi na bi boko, ya ce albarka ba a ba da ita a waya, kuma ba zai sallame ni ba sai ya gane abin da nake yi da ƙarfe.

Mu bakwai aka cusa a ƙaramar mota. Bayan shingen jami'an tsaro na biyu na ce bari in gwada bayanina a kan direba. Na ce cikin ƙarfe akwai ƙwayoyi kamar allurai masu nuna alƙibla, sun kasu unguwa-unguwa, kowace unguwa da inda ta fuskanta, da siririyar katanga tsakaninsu. Ya dube ni ta madubi: "Malam, ka karya kuwa?" Mota ta kwashe da dariya. Bakwai saura muka shiga Wurno.

Inna ta dama mini fura. "Babanka? Ai yat tahi Goronyo kai lauje tun jiya." Kai, tsohon nan!

Goronyo

Sha ɗaya da kwata na sauka gidan Gwaggo Hajo, ƙanwar Baba. Nan ma Baba ya riga ya wuce, wai Rabah. Mijinta, Baffa Isa masunci, ya zaunar da ni ga tuwon shinkafa da miyar kifi, ya ce in faɗa masa abin da ya hana ni ci.

Na ce: "Baffa, in an girgiza alluran nan a gefe ɗaya, rawar kan bi maƙwabci zuwa maƙwabci, ba wadda ke barin wurinta. In ta ratsa katangar, sai katangar ta matso baya, wajen da rawar ta fito. Wannan ne mutane ba sa yarda."

"Mi ag gardama nan?" in ji shi. "Taka cikin kwalekwale ka nuhi gaba, ka ga in bai zame baya ba."

Shekara huɗu ina karatun nan, ban taɓa samun misali kamarsa ba. Nan na kwana, sauron bakin dam ya yi mini maraba yadda ya kamata.

Rabah

Alhamis na kama hanya ƙarfe shida, mota biyu da babur ɗaya. Azahar ta gota na iske Baba a maƙerar ƙanensa, gawayi ya yi ja. Na durƙusa na gaida shi. Ya rame, sai na ji zuciyata ta karye.

Na zuba masa komai, har kwalekwalen Baffa, da yadda za a iya adana bayanai a na'ura ta hanyar matsar da katangun nan ba tare da ta yi zafi ba. Ya ɗauki awartaki ya zaro ƙarfe jawur, ya kusanto da tsohon maganaɗisun rediyo da yake gwada wuta da shi. Bai kama ba.

"Tun ina yaro nike ganin wanga. In ya huce ya kama. Don mi?"

"Baba, zafi ne ke sa rawar ta yi yawa, unguwannin su watse. In ya huce sai su sake jeruwa."

Ya daɗe yana kallon ƙarfen har ya yi duhu. Ya sake kai maganaɗisun, ya manne ƙam.

"Ashe ba ka bar maƙera ba," ya ce. "Tahi, Allah shi yi ma albarka. Abin da kag gano, ni za ka hwara gaya ma. In ba ka iske ni ba, ka gaya ma ƙannenka nan bakin wuta."

Komawa

Tare muka dawo Wurno kafin magariba, yana gyangyaɗi a kafaɗata. A ƙofar gida na aika wa jami'ar amsata cewa na amince. Na gode wa Allah da ya kai mu lafiya, da Gwaggo da Baffa, da direban da ya fara kayar da ni. Ku taya ni addu'a in dawo in iske shi.