Na Kashe Innata a Kwamfuta

Wata uku na yi ina koyon kwamfuta a wata cibiyar koyon sana'a a Ɗambatta. Wasu sun zaɓi ɗinki, wasu walda, ni kuwa na leƙa na ga ɗakin da ke da fanka na ce nan Allah ya rubuta min. Da aka gama aka ba ni satifiket mai jan hatimi. A hannu na riƙo shi har ƙauyenmu, ban sa a jaka ba, don kowa ya gani. Tun daga ranar 'yan teburin mai shayi suka koma kirana Injiniya. Ni da ko sakandare ban ƙarasa ba.

Ba a jima ba aiki ya same ni har gida. Asibitinmu na sha-ka-tafi aka kawo wa sola da kwamfutar hannu guda biyu, aka ce duk katunan takarda a zuba su ciki. Tsohon da aka shigar, in yana da hawan jini ko ciwon suga, zai riƙa karɓar magani kyauta duk wata. Aka ɗauke mu mu biyu, ni da wani abokina mai dogon wuya da muka yi cibiyar tare.

Inna na fara shigarwa, don ta daɗe da hawan jini. Na ɗauki hotonta tana jan mayafi, na sa ta dangwala yatsa, na haɗa da lambar katinta na ɗan ƙasa, na ɗaure duka a kan tsohon katinta na asibiti. Na ce, "Inna, ke ce ta ɗaya a duk garin nan. Ko mai gari a bayanki yake." Ta ce in rage surutu a gaban mutane. Wannan watan ta karɓi maganinta, har kan ya daina sara mata.

To, ga abin da ban kawo a raina ba. A gidanmu kati ɗaya ne, kuma ba mu kaɗai ba, haka rabin garin yake. Katin asibiti a wurinmu kamar turmi yake, ana aronsa. Na Inna yana zaune cikin langa a ɗakinta. Duk macen da jiki ya ƙi mata daɗi a gidan sai ta ɗauka ta tafi, in an kira sunan Inna a layi ta amsa. Ba wanda ya ɗauki wannan ƙarya. Wa zai tsaya yankan sabon kati ga na gida a ajiye?

Shekara biyu kafin zuwan kwamfutar, Goggo, ƙanwar mahaifina, ta kamu da amai da gudawa cikin damina. Aka ɗora ta a mashin aka kai ta, da katin Inna. A asibitin ta cika. Aka yi zaman makoki, kati ya koma langa, kowa ya manta.

Satin ƙarshe na aikinmu aka miƙo mana littafin waɗanda suka rasu. Aikin ba wuya, ka buga lambar kati, ka buga rana, ka danna. Muka raba shafuka ni da Dogon Wuya muka sa gasa, wanda aka riga gamawa zai sayi gurasa. Ban duba suna ko ɗaya ba, lamba kawai nake zubawa, yatsuna har rawa suke. Ni na ci gurasar. Har da ƙarin ƙuli-ƙuli.

Da wata ya zagayo Inna ta zo karɓar magani. Ina can gefe ina jona caji. Mai kula da asibitin, wata dattijuwa da muke ce wa Sista, ta sa mata yatsa a gilashi. Ta goge ta sake sawa. Sai na ji ta ce, "Kai Injiniya, taho nan."

Na leƙa. Hoton Inna ne, wanda na ɗauka da hannuna, amma ya koma toka-toka, an ja masa layi. A ƙasa ga ranar da Goggo ta rasu. Ina ganin ranar na tuna da gasar gurasar nan.

Inna ta ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Sabis ne, Inna."

Sista ta ce, "Ba sabis ba ne. Gaya mata."

Na ce, "Inna, wai ta ce kin rasu."

Matan da ke kan benci suka ɗauki salati, sai kuma dariya ta ɓarke. Wata tsohuwa ƙawarta ta ce, "Haba 'yar nan, aka yi ba a gaya mana ba? Ko gumbar sadaka ba mu gani ba."

Inna ta ce, "Ni da na surfa gero da safen nan? Kai, gaya mata ga ni a zaune."

Na karɓi kwamfutar ina murmushi, irin na wanda ya san kan abu. Na nemi wurin gogewa, babu. Na shiga nan na fita can, babu. A cibiya shigarwa aka koya mana, ba wanda ya taɓa nuna mana yadda ake fitarwa. Na ce to a yi mata sabuwar rajista. Tana sa yatsa na'ura ta ce ai ta san mai wannan yatsan, ta rasu. Na kira malaminmu na cibiya a waya. Sai da ya gama dariyarsa sannan ya ce wannan ba ya cikin darasinmu.

Sista ta ce ba yadda za ta yi. Kowace ƙwaya da sunan mai ita take fita, in ta ba wanda ba ya ciki ita za a tuhuma. Sai ta buɗe jakarta ta ɓallo wa Inna daga nata, ashe ita ma ciwon take fama da shi.

A hanyar gida Inna ta ce, "To a aro na maƙwabciya mana."

Na ce, "Inna, yanzu yatsa ake sawa. Ba a aron yatsa."

Ta gyara mayafi ta shige gaba, ina biye har muka wuce gonar gyaɗar liman.

Sista ta ce gyara sai a babban ofishin lafiya da ke Kano. Na je wurin mai unguwa ya rubuta min takarda cewa Inna tana raye. Yana rubutawa yana girgiza kai, wai tunda aka naɗa shi bai taɓa yi wa mai rai shaidar rai ba. Na hau bas daga Ɗambatta, muka tsaya a cunkoson Dawanau har rigar da na goge ta jiƙe.

A ofishin na samu wani saurayi mai tabarau. Wallahi mutumin kirki ne, har ruwa ya ba ni. Ya karanta takardar, ya duba kwamfutarsa, ya ce, "An kulle wannan wurin ne da gangan, don kada mutane su riƙa karɓar magani da sunan matattu."

Na ce, "Yallaɓai, wannan matacciyar jiya ma ta zage ni."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "An yi rasuwa a asibitin a ranar, ko ba a yi ba?"

"An yi. Goggona ce."

"To ba a goge rasuwa. Ɗauke ta ake yi daga kan wani a mayar kan mai ita. Ba ni lambar katin goggon."

"Ba ta da kati."

"Na ɗan ƙasa fa?"

"Ba ta taɓa yi ba."

"To sai a buɗe mata fayil."

Na ce alhamdu lillahi, a buɗe. Ya fara bugawa, sai ya tsaya. Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce fayil ba ya buɗuwa sai da yatsa.

Muka zauna muna kallon juna. Yatsan Goggo yana maƙabarta, damina biyu ta wuce a kansa. Ya ba ni fom na cike, ya ce zai tura sama, akwai irinsa da yawa da suke jira, in riƙa dubawa. Na ce saman ina? Ya ce shi ma bai taɓa ganin mutanen ba.

Yau wata na huɗu ke nan. Maganin kemis akwai, amma ba kowane wata hannunmu ke kaiwa ba. Sista takan ɓallo mata in ta samu sarari. Inna ta daina zuwa roron gyaɗa. Ran nan jiri ya ɗebe ta a bakin murhu, Allah ya sa ƙanwata tana kusa. 'Yan teburin mai shayi da suka fara kirana maraya sun daina da kansu.

Shekaranjiya da safe na same ta a kan tabarma, ta ɗora ƙwaya a murfin langa tana raba ta biyu da wuƙar yanka kuɓewa, don ta kai ta ƙarshen wata. Na ce Sista ta hana. Ta ce ta ji. Na tsuguna na ce, "Inna, ni na buga lambar nan. Gasa muke yi, ban duba suna ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ai ni na ɗauko katin na ba goggonka. Riƙe min murfin nan."

Na riƙe. Ta danna wuƙar, rabin ya yi tsalle ya faɗa ƙasa. Muka duƙa mu biyu muna laluben sa cikin rairayi. Ni na gano shi, na hure na miƙa mata. Ta haɗiye da ruwan randa, ta jingina da bango ta lumshe ido.

Ta ce, "In ka je ka sake dubawa."

Na je asibitinmu na duba. Hoton yana nan toka-toka.