Na'urar da Ta Kira Shanun Mahaifina

Shekarun baya, a hutun daminar ƙarshe kafin in kammala jami'a, aka yi wa mahaifina aiki a maƙogwaro. Ya dawo rugarmu da ke bayan Babban Duhu da ƙafafunsa, amma muryarsa ta koma raɗa. Shanunmu kuwa kiransa kaɗai suka sani. Idan la'asar ta yi sanyi yakan tsaya ya ja wani dogon sauti, sai ka ga ƙahonni suna ɓullowa daga cikin sabara. Da kiran ya ɗauke, suka fara watsewa, har suka faɗa geron maƙwabta. Baffana ya ce a kora masa garken zuwa Darini, inda yake zaune, ya riƙe. Mahaifina bai yi musu ba, ya dai rage cin tuwo.

Na taɓa naɗar kiran a wayata, don haka na ƙudurta sanya shi cikin wata 'yar na'ura mai lasifika da maɓalli guda. Na rubuta manhajar na harhaɗa ta, sai dai ƙwaƙwalwar na'urar ƙarama ce ƙwarai, kuma ba ta karɓar fayil a siffar da kwamfuta ke fitar da shi. Abokina na makaranta ya nuna mini wani umarni mai suna objcopy, wanda ake rubutawa a baƙin allon kwamfuta don sauya siffar irin waɗannan fayiloli.

A inuwar tsamiya nake aikin. Da layi guda na mayar da muryar mahaifina fayil irin wanda ake haɗawa da manhaja. Da na leƙa cikinsa, lambobi ne jere-jere kamar kunyoyin gyaɗa, na daɗe ina tunanin a wane layi numfashinsa yake. Sannan na cire duk bayanan da mai gyaran manhaja kaɗai ke buƙata, na mayar da abin da ya rage tsurar lambobin da na'urar ke ganewa. Da ƙyar ya shige.

Mahaifiyata, wadda ba ta kiran sunana saboda ni ne ɗan fari, ta wuce da ƙwaryar nono ta ce, "Kai wannan, rediyo za ka kunna wa shanu? To ka sa musu labarun duniya ma."

Na rataye na'urar a reshen tsamiyar, ina jin kaina babban injiniya, na danna. Kiran ya tashi ya ratsa fadama. Shanun suka ɗaga kai, suka taho a hankali, hasken yamma a gadon bayansu. Suka kewaye bishiyar, suka shinshina gindinta, suka dubi reshen. Da ba su ga kowa ba, sai farar saniyar da ke jagorantarsu ta juya, sauran suka bi ta.

Baffana, wanda ya zo ranar don ya tafi da garken, ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ashe tsamiya ba ta kiwo."

Mahaifina ya taso daga tabarma ya miƙo hannu. Cikin raɗa ya ce, "Ba ni nan." Ya jefa na'urar a aljihun ƙirjin rigarsa, ya ɗora sandarsa a kafaɗa, ya taka zuwa inda ya saba tsayawa. Ya danna, ya buɗe baki tare da sautin. Farar saniyar ta tsaya cak, ta dawo da sassarfa har ta ɗora hancinta a ƙirjinsa.

Baffana ya kwana, da safe ya hau babur ya koma Darini shi kaɗai.

Yanzu kusan kullum nakan rubuta wannan umarni a wurin aiki, kuma ba ya ɗaukar ko ƙiftawar ido. Amma har yau nakan ɗan dakata kafin in cire wani abu daga fayil, in tambayi kaina wa zai riƙe na'urar, kuma a ina zai tsaya.