Tayi na Uku da Kakana Ya Jira

Shekaranjiya ina zaune a tashar Konni ina jiran mota ta cika, sai mai shayin da ke gefe ya saki waƙa a wayarsa. Kafin a buga kalangu sau uku na gane muryar. Mawaƙin nan ne da muka tashi muna ji a rediyo, wanda ya daɗe da rasuwa. Nan take wasu dattawa biyu a kan benci suka kama gardama a kan wasan da ya taɓa yi a filin ƙwallon garin. Wannan ya ce da farar hula ya fito, wancan ya rantse ja ce. Ɗayansu ya juyo ya ce, “Hajiya, ke kin je?” Na ce na je. Ban yi ƙarya ba, amma bari ka ji irin zuwan da na yi, don har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

A Tsarnawa na girma, kuma lokacin ban wuce shekara goma sha ɗaya ba. Rediyon gidanmu a ƙusar zaure yake rataye, ni ce mai tsayawa ƙarƙashinsa da taɓarya a hannu har Inna ta ƙwala mini kira. Akwai waƙarsa guda ta matan da ke kai fura gona, na haddace ta tsaf, da ita nake daka, da ita nake jan ruwa. A shekarar, an gama yankan hatsi, rumbuna sun cika, harawar wake ta hau kan ɗakuna tana ƙamshi, sai aka yi shela cewa zai zo Konni ranar Asabar, wasa daga bayan azahar zuwa gab da magariba. Inna ta ce ba inda za ni. Kakana, wanda ya haifi babana, shi ya ce a bar masa amaryarsa, da kansa zai kai ni. Da na san abin da ke gaba, da na roƙi wani.

Da hantsi muka hau amalanken jaki. Ko da rarrafe muka tafi ya kamata mu riski wasan. Amma Kaka mutum ne da ba ya iya wuce ƙofar wanda ya sani, kuma a kan wannan hanya babu wanda bai sani ba. Gidan farko ta'aziyya ce, ta mutumin da aka binne tun kafin shuka. Gida na biyu barkar haihuwa, aka dama fura, aka ce sai mun sha. Gaba kaɗan ya hango wani yana dashen albasa a lambu, ya sauka ya tambaye shi iyali, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwan rijiya, har ya leƙa rijiyar ya gani da idonsa. Motoci na wuce mu cike da samari suna tafi suna rera waƙar da na fi so, ni kuwa ina zaune da igiyar jaki a hannu, hawaye na zuba.

“Amarya, kwantar da hankalinki,” in ji shi. “Ƙaƙa za mu wuce ƙohwar mutum, gobe shi ji labari?”

Azahar ta same mu a wani gida, la'asar a wani. Da muka isa filin, jama'a ce ke ta kwararowa waje. Ba abin da ya rage sai ɓawon rake a ƙasa da wasu mutane suna naɗe wayar lasifika. Na ƙi sauka, na juya wa Kaka baya. Shi ko a jikinsa. Ya gyara rawani ya ce, “To, tunda munka zo, sai mu gaishe shi.”

An sauki mawaƙin a gidan wani ɗan kasuwa, wanda ba sai na gaya maka ba, Kaka ya san shi. Aka shigar da mu zaure. Ga shi nan a kan tabarma, ɗan siririn mutum, kansa ba hula, yana kurɓar ruwan ɗumi. Tsakanina da shi bai fi in miƙa hannu ba. Suka gaisa da Kaka, suka sake gaisawa. Sai ya lura da idanuna da suka kumbura, ya tambayi abin da ya same ni. Kaka ya faɗi gaskiya, ya ce ba mu riski wasan ba. Mawaƙin ya yafito makaɗinsa, makaɗin ya rataya kalangu.

“Ɗiyata, wace waƙa kika so? Hwaɗi, in yi miki ita yanzu.”

Na buɗe baki ke nan sai Kaka ya ɗaga hannu. “A'a, Allah shi kiyaye! Kai da ka wuni kana aiki? Gaisuwa ta kawo mu.”

“Ba komi, Baba. Baiti biyu ne.”

“Wallahi ka huta. Mun gode.”

Mawaƙin ya ce to, Allah ya yi mini albarka. Makaɗin ya sauke kalangu ya jingina shi da bango. Ina kallo. Ba a yanke wa babba magana, balle a gaban baƙo, don haka na haɗiye sunan waƙar tare da kukana.

Gidan wata gwaggona muka kwana. Washegari a hanyar komawa ina ta fushi da Kaka har muka yi nisa. Can sai na ji ya yi tsaki, yana magana kamar da jakin yake yi. “Ni na aza za shi sake tayi na uku.”

Ka ji fa. A tarbiyyar su Kaka, in an yi maka tayi sai ka ƙi sau biyu, a na uku ka karɓa da mutuncinka. Shi a ransa ya riga ya karɓa, jira kawai yake yi. Ya manta cewa mutumin da ya wuni yana ɗaga murya a rana, in ka ce masa ya huta har da rantsuwa, hutawa zai yi.

Mawaƙin bai sake zuwa Konni ba har ya bar duniya. Kaka ma ya tafi, ina yi masa addu'a kullum, ina kuma kewarsa ƙwarai, amma wannan guda ɗaya ta ƙi wuce mini a maƙogwaro.

Yaran yanzu in ka miƙa musu abu, tun a tayin farko sun karɓe, tsarata na ta gunaguni wai kunya ta ƙare. Ni ba na sa baki. Ran nan wata baƙuwa ta durƙusa gaban jikata ta ce ta faɗi abin da take so a kawo mata, sai na ji “a'a, ki bar shi” ta taso mini har bakin leɓe, da muryar Kaka sak. Na danne bakina da gefen mayafi, na bar yarinyar ta amsa.