Baba Bigila Ya Samu Ɗaki

A bariki aka haife shi, a bariki ya yi wayo. Mahaifinsa soja ne, shi ma da ya tasa ya sa kaki, aka ba shi aikin busa bigila. Daga nan sunansa na yanka ya ɓace. Har matarsa, Allah ya jiƙanta, Bigila take ce masa in ya ba ta haushi.

In aka tambaye shi garinsu sai ya yi dariya, ya ce, "Duk inda aka kafa tuta." Abin da ya sani shi ne warin man takalmi da sassafe, da rigimar matan layinsu a bakin famfo, da yadda bariki guda ke miƙewa in ya ɗora ƙarfen nan a leɓe.

Ranar da ya yi ritaya ya miƙa bigila, ya miƙa makullin gida, ya tsaya a bakin get da akwati ɗaya. 'Yarsa tilo na aure a nesa, ɗaki ɗaya gare su da yara, sai ya ce mata ya kama haya. Gaskiyar magana, wani kafinta ne ya bar shi yana kwana a shago, shi kuma yana share masa garin katako.

Ana nan, wata safiya wani tsoho mai tumbi ya shigo neman gadaje. Tsohon kukun rundunarsu ne, yanzu yana cikin ƙungiyar tsofaffin sojoji da ke gyara wani tsohon sito su mayar da shi ɗakuna don 'yan'uwansu da ba su da wurin kwana.

"Bigila! Kai ne ka hana ni barci shekara da shekaru?"

"Kai kuma ka hana ni ƙiba, Kuku."

Suka rungume juna. Kuku ya hango bargo a ƙarƙashin benci, an ninke shi tsaf irin ninkin bariki. Ya kawar da kai.

"Muna da ɗaki babu kowa," in ji shi. "Tsofaffin nan sun lalace da barci, babu mai tashinsu."

"Ni ba bara nake ba."

"Wa ya ce bara? Umarni ne. Ka manta na fi ka igiya?"

Haka Baba Bigila ya tare. Da asuba yakan bi ƙofa ƙofa yana busa da baki, su yi ta zaginsa, amma ranar da mura ta kwantar da shi dukansu sai da suka leƙo. Da hantsi su zauna a inuwa suna gardamar wane kwamanda ya fi mugunta. Wani lokaci shi da Kuku su zaga tasha da bakin kasuwa neman 'yan'uwansu. Daga tsayuwar mutum yake gane soja.

Da 'yarsa ta kawo ziyara, Kuku ya yi suɓutar baki ya ambaci shagon kafinta. Ta zauna a bakin gado tana hawaye.

"Baba, ashe haka ka yi mini?"

Ya sosa ƙeya, ya nuna taga. "Rana na damuna da yamma, 'yar nan. Ko za ki ɗinka mini labule?"

Ta share ido, ta cire gyalenta ta shiga gwada faɗin tagar.