Farantin Baba Idi

Ina ofis a Katsina da hantsi, ina gyaran wani rahoto, ƙanwata Rabi ta kira ni daga gida. Ba ta tsaya gaisuwa ba. Ta ce, "Yaya, Baba Idi ya cika." Ya dawo daga sallar asuba, ya ce kansa na sara masa, ya kwanta, shi ke nan. Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Amma kafin na ajiye wayar, sunan wani mutum daban ya faɗo mini a rai. Sale. Zan zo kan dalili.

Alhaji Idi dillalin shanu ne, aminin mahaifinmu. A garinmu, wani ƙaramin gari na ƙasar Daura a kan hanyar Mai'adua, babba da yaro Baba Idi suke ce masa. Aikinsa a kara shi ne ya riƙe hannun mai dabba da na mai saye, ya yi ta lallashi har mai dabba ya daina cewa albarka ya ce ya sallama. Wannan hannun nasa ya kawo cikin walimar gidauniya da garinmu ke yi duk shekara bayan kaka, a filin firamare. Da ita muka yi wa ajujuwa rufi, da ita muka haƙa rijiyar burtsatse. Mata su yi girki a gidansa ƙarƙashin matarsa, Hajiya Ladi, maza su zauna shida shida a kan faranti. Shi kuwa ya tsaya a bakin fili da sandarsa, yana nuna wa kowa inda zai zauna. Ba wanda ya naɗa shi, ba kuma wanda ya taɓa yi masa musu.

Ba na manta shekarar da ya haɗa Ɗanjuma maƙeri da Agali Buzu, abokan wasa. Ɗanjuma ya ce, "Haba Baba! Ka haɗa ni da wannan? Ai yanzu sai ya sauke rawani ya kwashe naman duka a ciki." Agali ya ce, "Kai dai ci a hankali, maƙeri. Tuwo ne, ba ƙarfe ba." Mu da muke aiki a birni, wannan dariyar ce ke dawo da mu gida duk shekara, ba tuwon ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a aka daina kiɗan kalangu a wurin, wasu ma suka ce a bar walimar gaba ɗaya. Baba Idi ya ce, "Ganga aka hana, ba a hana tuwo ba." A lokacin garin ya rabu biyu kan yadda ake riƙe hannu a salla, har wasu sun daina gaisawa. Sai ya zaunar da limaman masallatan biyu a faranti ɗaya, ya ajiye tsoka guda a tsakiya, ya ce, "Wanda ya fi ilimi ya bar wa ɗan'uwansa." Aka cinye tuwo tas, tsoka na nan. Limaman suka kalli juna suka fashe da dariya.

Daga baya tsoro ya shigo. Labarin satar mutane da muke ji daga yammacin jiha ya fara matsowa. Aka daina shelar wanda ya ba da gudummawa, don ba a san kunnen da ke saurare ba. Sai a zagaya da ƙwarya rufe da faifai, kowa ya sa hannu. Aka koma watsewa kafin magariba. Bara kuma aka shiga wani ƙauye kusa da mu aka ɗauke wani ɗan kasuwar hatsi. Ya dawo da rai, amma magana ta bazu cewa wani ne ya nuna gidan. Zargi ya sauka kan Sale, ɗan acaɓa mai kai fasinja ƙauyukan bakin iyaka. Ya san hanyoyin daji, kuma bai daɗe da yi wa ɗakinsa rufin kwano ba. Iyakar hujjar ke nan. Mutane suka daina hawa babur ɗinsa. Yara suka fara kiran 'ya'yansa 'ya'yan infoma. Duk mai bin labarai ya san abin da ke samun wanda aka liƙa wa wannan suna a wasu garuruwa: ba ya kaiwa gaban alƙali.

Ranar walimar bara Sale ya zo ya raɓe a jikin katangar makaranta. Baba Idi ya ɗaga murya: "Sale! Wanke hannu ka zo nan." Farantinsa ya nuna, inda dagaci da liman ke zama. Wani attajiri ya miƙe ya kaɗe riga ya koma wani farantin. Baba Idi bai ko kalle shi ba. Ya yi bisimilla, ya tura wa Sale nama gabansa, ya shiga tambayarsa lafiyar mahaifiyarsa.

Washegari na same shi a zaure. Na ce, "Baba, ka tabbata ba shi da hannu?"

Ya ce, "Ban tabbata ba. Kai ɗan jarida, ka tabbata yana da shi?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To. Ranar da aka kawo Shari'a mun yi kabbara har muryarmu ta dushe. Ita kuwa shaida take tambaya, ba ta tambayar wa ya yi sabon rufi."

Na ce, "In kuma shi ne fa?"

Ya ce, "In shi ne, ya ci abincina, Allah na ganinsa. In ba shi ba ne muka bari aka kashe shi, wane ruwa zai wanke garin nan?"

Tun daga ranar ba wanda ya taɓa Sale. Ba don an yarda da shi ba, sai don kunyar Baba Idi. Wannan kunyar muka kai makabarta.

A zaman makoki na ga Sale ya zo ya zauna a gefen tabarma, na ga waɗanda ke kusa sun ja jiki. Na ji wani matashi a bayana ya ce, "Inuwa ta gushe." Da zan tafi Sale ya biyo ni, ya ce, "Malam, ni yanzu ina zan sa kaina?"

Walimar bana ta gina ɗakin haihuwa ce, kuma 'yan kwamiti na shawarar a ɗage ta. Kafin na koma Katsina, Hajiya Ladi ta aiko a kira ni. Daga bayan labule ta ce, "Ni ce ke takaba, tukunya ba ta yi. Za a dafa." Aka turo mini babban farantin nan na Baba Idi. Na ce, "Hajiya, wa zai zauna a kansa?" Ta ce, "Wanda ya zauna bara. Ku nemo masa abokan ci."

Na ce mata zan zauna. Ina jin tsoro, kuma ban san abin da Baba Idi bai sani ba. Liman ya ce zai yi tunani. Farantin na mutum shida ne, mu kuwa biyu ne har yanzu, ni da Sale, kuma mutanen garinmu da ke karanta wannan sun san inda ake wanke hannu.

Allah ya jiƙan Baba Idi, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya zaunar da shi cikin waɗanda ba su da tsoro ba su da baƙin ciki. Allah ya ba Hajiya Ladi da 'ya'ya da jikoki haƙurin rashinsa, ya zame musu gata. Ya tsare garinmu daga masu shigowa da bindiga, ya tsare hannuwanmu daga jinin wanda ba a kawo shaida a kansa ba. Ya kai mu kaka lafiya, Sale yana cikinmu. Amin.