Kakata a Kan Katin Wasa

Ina da shekara arba'in da bakwai lokacin da na duba halin da Zamfara take ciki, na yi nazari irin na wanda ya yi jami'a, na gano cewa abin da muka fi buƙata shi ne wasa. Tun ina ɗalibi nake karanta littattafan Turawa masu kauri, na dodanni da mayaƙa da matsafa, waɗanda marubutansu suke tono tsofaffin labaran kakanninsu su yi musu sabon ɗinki. Daga baya na ji cewa akwai wasan da ake ginawa a kan irin waɗannan labarai. Ana zama a kewaye tebur, mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya ɗauki matsayin wani, ko maharbi ko maƙeri, ya faɗi abin da zai yi idan ya gamu da dodo, sannan a yi jifa da 'yan ƙwallaye su nuna ko ya dace. Na ce a raina, mu da muke da iskoki da dodannin ruwa da mutanen ɓoye, me zai sa mu tsaya kallo? Na sayi kwali da alƙaluma masu launi, na fara yanka katuna a falona da ke Damba, a Gusau. Matata ta leƙo ta gani, ta yi mini addu'ar samun lafiya, ta koma.

Matsalar ita ce ban san labaranmu ba. Na san na mutanen da ban taɓa taka ƙasarsu ba, har da sunayen dawakansu. Don haka na nufi ƙauyenmu, Kekun Waje ta ƙasar Bungudu, wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina.

Ya kamata in faɗi matsayinta a garin. Gwaggo ce ake kira idan mace ta rasu, ita take yi mata wanka. Aiki ne da ba a ba kowa, sai wadda aka yarda da tsarkinta da riƙon sirrinta, kuma ta daɗe ƙwarai kafin a yarda da ita, saboda wata magana da ake yi a kan mahaifiyarta, wato kakata, wadda ta rasu kafin a haife ni. Na san a gidanmu ba a ambaton kakar nan. Ban taɓa tambayar dalili ba, domin a lokacin ina da manyan tambayoyi a kan tarihin wasu nahiyoyi.

Na isa da hantsi, da littafin rubutu a hannu. Bayan gaisuwa na ce, "Gwaggo, tatsuniya na zo ki yi mini."

Ta ɗaga kai ta dubi rana, ta dube ni. "Yanzu? Duk karatun da kay yi, ba wanda yag gaya maka ba a tatsuniya da rana? Ka kwana nan, in an yi isha'i in yi maka har ka gaji."

Na ce ina da taro da safe a Gusau. Ba ni da taron komai. A shekarun nan mai hankali ba ya bari yamma ta same shi a hanyar Bungudu, kuma mai tsoro irina ba ya kwana a ƙauye.

"To babu tatsuniya," in ji ta. Ta ci gaba da tsince wake a faifai. Can ta ce, "Amma in labari kaka so, gyara zama."

Kowane yaro a garin ya san bambancin abubuwan nan biyu. Tatsuniya ƙarya ce da aka yarda a yi wa yara, labari kuwa abin da ya faru ne da mutane masu dangi. Ni da na rubuta kundin digiri, sai na buɗe shafi na rubuta “almara ta ɗaya” a samansa.

Ta ba ni labarin wata mata mai ido ɗaya da take zaune kusa da wata kuka da ta rabu biyu, yamma da tafki. Duk ranar Alhamis matar takan ajiye nonon farar akuya cikin ɗan ƙoƙo a gindin kukar. Idan naƙuda ta yi tsanani ko yaro ya sanƙare, ita ake zuwa ɗauka da gudu, amma waɗanda suka ɗauko ta ba sa cin abinci a kwanonta, kuma 'ya'yansu ba sa wasa da 'yarta. Na tambayi sunan abin da yake cikin kukar. Ta ce ba a faɗi, mai wurin kawai ake cewa. Na rubuta a gefe: “a nemo masa suna mai daɗi.” Ba ta ce matar nan uwarta ce ba, ni ma ban tambaya ba. Hankalina yana kan makin da zan ba matar a katin wasa. Kafin in hau mota na gama: ƙarfi huɗu cikin goma, tsafi tara.

Ranar wata Asabar bayan azahar na tara abokaina uku. Akwai Alhaji mai sayar da yadi a Sabon Gari, wanda ya ce in dai da ƙwallayen Turawa za a yi jifa to caca ce, ba ya ciki, sai da na shafa wa ƙwallon dabino tawada a gefe ɗaya sannan abin ya halatta. Akwai malamin makaranta ɗan Tsafe, abokina tun sakandare. Na uku direba ne mai jigila tsakanin Gusau da Bungudu, mutumin kirki wanda magana ba ta kwana a cikinsa.

Wasan ya fara da kyau, in aka yi la'akari da cewa Alhaji ya ƙi harbin dodon farko, ya ce a fara jin abin da yake nema tukuna, wataƙila a daidaita. Da suka wuce shi, na gyara murya na ce sun iso gindin wata kuka, ga wata tsohuwa tana ajiye ƙoƙo. Na ɗora katinta a tebur, da zanen da na ɓata kwana biyu ina yi.

Direba ya ce, "Malam, tsaya. Kukar nan rabe take biyu?"

Na ce haka ne, ina jin daɗin an lura da aikina.

"Tafki na gabas da ita? Tsohuwar kuma ido guda?" Ya ajiye ƙwallayen, ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Wallahi kakarka ce! Uwata 'yar can ce, ta sha ba mu labarinta. Alhaji, kakarsa ya sa mu sara!"

Malamin Tsafe ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na shiga bayani a kan yadda manyan marubutan duniya suke ɗibar kayan aiki daga al'adun gargajiya. Alhaji ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Su ma kakannin nasu suke sawa, ko na maƙwabta?"

Direban bai yi da mugunta ba. Abin dariya ya gani, ya ba fasinjojinsa, su kuma suka sauka da shi a tasha. Kafin labarin ya isa Kekun Waje ya yi ƙiba. An ce ɗan bokon nan na Gusau ya tayar da aikin kakarsa, yana tara mutane a falo yana jefa ƙwallon dabino yana kiran mai wurin, kuma Gwaggo ce ta kira shi har ɗaki ta damƙa masa gadon. Bayan mako uku wata maƙwabciyarta ta rasu, katanga ɗaya ce tsakaninsu, aka tsallake Gwaggo aka je wata unguwa aka ɗauko mai wanka. Ɗan Gwaggo ne ya kira ni a waya ya gaya mini, cikin ladabin da ya fi zagi zafi.

Washegari na tafi da katin a aljihu. Na same ta a inda na bar ta, a kan tabarma. Ta amsa gaisuwata cikakkiya, har ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta miƙo hannu.

"Mu ga uwar tawa."

Ta daɗe tana duban zanen. Ba ta karanta boko, don haka ta nuna lambobin da yatsa ta ce in fassara. Na so in yi ƙarya, amma na karanta: ƙarfi huɗu cikin goma.

"Huɗu," ta maimaita. "Matar da ta yi noman gero da ubanka goye a baya, ni kuma ina ciki. To wa ka ba goma?"

"Wani dodo ne mai kai uku, Gwaggo."

"Ka taɓa ganinai?"

"A'a."

"Allah shi ƙara ilimi."

Na ce zan je wurin liman da dattawa in yi musu cikakken bayani, cewa wasa ne na adana al'ada, kuma babu kiran kowa a cikinsa. Na ma fara jera mata hujjojina. Ta ɗaga hannu.

"Bayani ne yak kawo mu nan. Ba bayani za ka yi ba. Za ka ce ƙarya ce ka tsinto cikin littattafanka na Nasara, ni ban faɗa maka komi ba, kuma uwata daddawa kawai taka saidawa."

Na ce amma ai gaskiya ce ta faɗa mini.

"Na sani. Kai kaɗai na taɓa gaya ma ita."

Bayan sallar azahar na tsaya a ƙofar masallaci, gaban liman da dattawan da suka san ni tun ina yawo ba wando, na faɗi abin da aka umarce ni kalma da kalma. Na yi tsammanin za a yi mini tambayoyi masu wuya. Ba a yi ba. Yarda da cewa ɗan boko ya yi shirme bai taɓa yi wa mutanen ƙauye wahala ba, kuma ina zaton da yawansu sun san ainihin maganar, hanyar rufe ta kawai suke jira. Liman ya tambayi shekaruna, na faɗa. Ya ce, "Kuma da ƙwallon dabino kake wuni?" Na ce ranar Asabar ce kawai. Ya yi mini nasiha mai tsawo a kan lokaci, aka shafa fatiha, aka watse.

Har yau ban daidaita da raina a kan abin da na yi a ƙofar masallacin nan ba. Mace ta riƙe labarin uwarta fiye da shekara sittin, ta zaɓi mutum ɗaya a dangi ta ba shi, wataƙila don tana ganin mai karatu zai san inda ake ajiye irin wannan. Na mayar da shi kati, sannan na tsaya gaban jama'a na ce bai faru ba. Ita ta sa ni, gaskiya ne, amma ni na kai ta inda babu wata hanyar. Wasan kuwa yana nan. Na cika shi da dodannin da ba su da jikoki a ƙaramar hukumar Bungudu, kuma Alhaji yana harbinsu yanzu ba tare da neman sulhu ba.

Wajen wata biyu bayan haka na kai mata ziyara ba tare da littafin rubutu ba. Ta dama mini fura, muna maganar ruwan sama da ya yi jinkiri, sai wata mata ta yi sallama daga zaure da muryar kuka, ta ce an yi rasuwa a gidansu, ana jiran Gwaggo. Allah ya yafe mini, wata baiwar Allah ce ta mutu, amma na ji sanyi a raina. Gwaggo ba ta ko dube ni ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko sabulu da ƙullin ganyen magarya, ta yafa mayafi, ta ce in na gama shan furar in kife ƙwaryar saboda kaji.