Kwanar da Inna Take Miƙe Ƙafa

Ƙanina ne ya kawo maganar sabuwar hanyar. Yana zaune a zaurenmu na Ƙofar Kibo, ya ɗora ƙafa kan ƙafa sai ka ce shi ya ba da kwangilar. Wai yanzu da ka biya a tolget ɗin farko sai ka taka mota kawai, babu rami, babu shanu masu tsallakawa, kafin la'asar kana ƙofar gidan Yaya, babbar yayarmu. Na ce to madalla, kwanar fa? Ya ce wace kwana? Na ce kwanar Inna mana. Sai ya sauke ƙafar.

Mahaifinmu ya rasu ne a hatsarin mota ina ɗan firamare, yana dawowa daga kudu inda aikin gwamnati ya kai shi. Mutanen wani ƙauye da ke bakin hanya suka ɗauke shi, suka yi masa wanka, suka jira Baffa, ƙaninsa, ya iso. Aka sallace shi aka binne shi a makabartarsu kafin rana ta faɗi. Ba wanda ya kawo maganar ɗauko gawa zuwa Zariya.

Da muka girma sai Allah ya yi auren Yaya, babbar gidanmu, a wani gari can gaba a kan wannan hanya. Duk tafiyar da za mu yi wurinta, in an wuce wata 'yar siririyar gada aka sha wata kwana mai tsamiya a gefe, Inna, mahaifiyarmu, za ta ce, "A tsaya in miƙe ƙafa." Iyakar abin da take faɗa ke nan. Matan gidanmu ba sa shiga makabarta, ita kuma tun da nake ban taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba, balle ta ce kabarinsa za ta gaida. Takan sauka ta ba mu baya, ta fuskanci jeji, leɓenta yana motsi. In ta gama ta sayi gyaɗa wurin matan da ke talla a gindin tsamiyar, ta miƙo mana, a ci gaba da tafiya. Mu kuma mu yi kamar da gaske ƙafar ce.

Wurin muna ce masa kwanar Inna. Haka direbobin da suka yi ta kai mu suka san shi, haka na san shi da na sayi tawa motar. Wallahi ba mu taɓa tunanin yana da wani suna ba.

Rabon Inna da hanyar tun kafin a fara aikin. A daminar bara ɓarin jikinta ya so ya shanye, idanun ma sun yi rauni, da murya take gane mutum. Aka zauna aka yanke shawara ta koma wurin Yaya, tunda ita ma'aikaciyar jinya ce. Ba wanda ya furta, amma kowa ya san in ta bi hanyar nan wannan karon ba za ta sake bin ta ba. Ni zan tuƙa ta, saboda haka neman kwanar ya hau kaina.

Na fara da waya. Na buɗe taswira ina ja da yatsa ina ƙara girma, hanyar ta miƙe sambal, babu ko 'yar lanƙwasa. Sunayen ƙauyuka birjik a gefe, Unguwar wane, Gidan wane, Sabon Garin kaza. Wanne ne namu? Oho.

Na tafi Tudun Jukun wurin Baffa. Na same shi a kan buzunsa, muka gaisa, na tambaye shi sunan ƙauyen da aka binne Malam, mahaifinmu. Ya ce, "Ai Innarku ta sani." Na ce Baffa, kai fa ka je. Ya ce shi ranar da ya je ba a hayyacinsa yake ba, direban tasha ne ya kai shi, ya ga mutane tsaye ya sauka. Yana jin dai Unguwar wani ce. Na ce Unguwar wa? Ya ce, "Kai, yaro, kada ka tsare ni da tambaya kamar ɗan sanda." Na ga idonsa ya kawo ruwa, na ba shi haƙuri na tashi.

Da na dawo gida na lallaɓa na tambayi Inna, ba kai tsaye ba, don ba a yi mata wannan maganar kai tsaye. Na ce ƙauyen nan da muke sayen gyaɗa, ya ma sunansa? Ta ce, "Ai Baffanku ya sani." Na fita tsakar gida na tsaya kamar wawa. Shekara da shekaru kowa ya ɗauka sunan yana wurin ɗan'uwansa, ashe ba ya wurin kowa. Gida cike da masu karatu, malaman makaranta, ma'aikata, mu rasa wanda ya san inda ubanmu yake kwance! Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ji haushinsa.

Ranar wata Asabar na ɗauki ƙanina muka tafi dubawa da ido. Hanya kam ta yi kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. An ɗaga ta sama, an kafa ƙarfe dama da hagu, an zuba kankare a tsakiya, ga alluna an rubuta ba a tsayawa. Gadoji duk iri ɗaya, ka hau ka sauka ba ka ma san ka hau ba. Babu 'yan talla, babu tsamiya, ƙauyukan sai dai ka hango rufin kwanonsu daga nesa. Na rage gudu ina leƙe, manyan motoci suna danna mini hon, ƙanina yana cewa, "Kai, za ka sa a niƙa mu fa." Na ce a niƙa mu ɗin.

Muka fita ta wata mafita, muka bi hanyoyin ƙasa muna komawa baya, ƙauye bayan ƙauye. Ko'ina tambayar ɗaya ce: akwai makabarta kusa da tsohuwar hanya? Akwai. An taɓa binne baƙon da ya yi hatsari? A nan ne wani dattijo ya kashe mini jiki. Ya ce, "Malam, baƙin da muka binne ai ba su ƙirguwa. Naku wanne ne?" Na kwatanta masa gada da kwana da tsamiya. Ya ce a da kusan kowane ƙauye a layin nan yana da kwanarsa da tsamiyarsa, masu aiki sun tafi da su. Ya yi wa mamacin addu'a, ya sa aka kawo mana ruwa. Muka juyo.

Sai da muka shigo gari ƙanina ya yi magana. Ya ce tunda ba ta gani sosai, me zai hana mu fita ta kowace mafita mu tsaya a gindin wata bishiya mu ce mata nan ne. Na taka birki a tsakiyar layi. Na ce uwarka za ka tsayar a gaban jejin da ba kowa ta yi wa mijinta sallama? Ya ce to kai me ka tanada? Na zazzage shi tas, har masu shago suka fito kallo. Amma gaskiya na yi kwanaki ina juya shawarar tasa a raina. Na kasa yi mata ƙaryar, na kuma kasa gaya mata gaskiya. Duk lokacin da na shiga ɗakinta da niyyar faɗa, sai in tarar ana ɗaure mata kaya, ta ce, "Ka duba motar da kyau? Ka san ƙafar nan tawa ba ta son dogon zama." In ce na sani, Inna.

Ranar tafiya ta sa farin mayafinta, muka ɗaga ta muka zaunar da ita a baya, maƙwabta suka rako ta har bakin layi ana ta yafe juna. Muka biya a tolget muka hau. Ina kallonta ta madubi. Ta zauna a miƙe, ta kafa kunne, tana jiran jikinta ya ji motar ta karkata yadda ya saba ji. Motar ba ta karkata ba. Gumi ya jiƙe mini riga duk da sanyin da ke cikin motar, ƙanina kuwa ya manna fuskarsa da gilashi.

Da na rage gudu a tolget ɗin fita, sai ta gyara mayafi ta fara laluben takalminta da ƙafa.

Ta ce, "Mun iso?"

Na ce, "Mun wuce, Inna."

Ta ce, "Wuce ina?"

Na ce, "Sun cire kwanar. Na nema, wallahi na nema, ban samu ba."

Mai karɓar kuɗi ya miƙo hannu ta taga, na baya sun fara hon. Can na ji muryarta ƙasa-ƙasa, kuma ba da mu take ba.

Ta ce, "Zai ce ban zo ba."

Aka ɗaga sandar, na ja mota.